BAYANI GAME DA SANA'AR RUBUTA MANHAJAR KWAMFUTA: KARATUNTA DA SHEKARUN FARKO NA AIKI

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, harkokin yau da kullum na jama'a suka fara komawa cikin na'ura sannu a hankali. A yau ta banki ake biyan ma'aikaci albashinsa, da kwamfuta ɗalibi yake rubuta jarrabawar JAMB, mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye kuwa kan karɓi kuɗinsa ta hanyar masu POS. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon shekarar 2023 ya san yadda ciniki ya dogara ga tura kuɗi ta waya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana gudana ne bisa umarnin da wasu mutane suka zauna suka rubuta wa na'ura. Waɗannan mutane su ake kira masu rubuta manhaja.

An shirya wannan bayani ne domin iyaye, da malaman makaranta, da hakimai da dagatai, da kuma jami'an ƙananan hukumomi. Dalili kuwa shi ne, akwai magidanta da yawa a karkara da kan sayar da amfanin gona ko dabba domin su biya wa ɗansu kuɗin karatun kwamfuta, yaro ya dawo da takardar shaida, amma aiki ya gagara samuwa, ba a kuma san inda matsalar take ba. Abin da ya kamata kowa ya sani tun da farko shi ne, a wannan sana'a takardar shaida ƙofa kawai take buɗewa. Abin da ke zaunar da mutum a wurin aiki shi ne abin da ya rubuta da hannunsa, aka gwada, aka ga yana aiki.

Wane ne mai rubuta manhaja?

Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai gangar jikinta da ake gani ake taɓawa, akwai kuma manhaja, wato jerin umarnin da ke gaya mata abin da za ta yi. Mutane iri uku ne ke hulɗa da ita, kuma sau da yawa akan haɗa su a ce duk sun karanta kwamfuta. Na farko shi ne mai aiki da ita, kamar mai buga takardu a ofis ko a shagon yin rajistar jarrabawa. Na biyu shi ne mai gyaranta idan ta lalace. Na uku shi ne mai rubuta manhajar da na farkon yake aiki da ita. Misalinsu kamar direba ne, da bakanike, da injiniyan da ya tsara motar. Kowannensu sana'a ce mai daraja, amma karatunsu da tsawon lokacin koyonsu ba ɗaya ba ne.

Domin a fahimci aikin na ukun, mu ƙaddara wata ƙaramar hukuma za ta raba takin zamani ga manoma 5,000. Mai rubuta manhaja zai tsara wa kwamfuta matakai kamar haka: a karɓi lambar manomi, a duba ko sunansa yana cikin rajista, idan babu a dakatar da shi, idan akwai a duba ko ya riga ya karɓa, idan bai karɓa ba a rubuta buhunan da aka ba shi, a rage su daga abin da ke cikin sito, sannan a wuce ga na gaba. Kwamfuta ba ta da hankalin kanta. Idan aka manta ba a gaya mata ta rage buhunan daga sito ba, za ta ci gaba da nuna sito cike alhali babu ko buhu ɗaya a ciki.

Irin wannan tsari na matakai shi ake kira algoridim. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a birnin Bagadaza a ƙarni na 9, wanda kuma daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara.

Tushen karatu a firamare da sakandare

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Darussa biyu ne ginshiƙin wannan sana'a, kuma dukkansu ana koyar da su a makarantar ƙauye ko da babu kwamfuta a cikinta. Na farko shi ne lissafi, domin shi ne ke saba wa yaro bin matsala mataki bayan mataki har ya kai ga amsa. Na biyu shi ne Turanci, domin kusan dukkan littattafai da bayanan wannan fanni da shi aka rubuta su, haka kuma saƙon da kwamfuta ke fitarwa idan an yi kuskure. Yaron da ke karanta Turanci da ƙyar zai sha wahala ko da yana da kaifin basira.

Ga mai nufin shiga jami'a, galibi ana bukatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, waɗanda suka haɗa da Turanci da lissafi da fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Ke nan dole ne yaro ya zaɓi ajin kimiyya tun daga shigarsa babbar sakandare. Ya kamata iyaye su lura da wannan da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Har ila yau, tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB baki ɗayanta, saboda haka ɗalibin da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba kafin ranar jarrabawa ya fara da rauni.

Wannan sana'a ba ta maza kaɗai ba ce. Wata Baturiyar Ingila mai suna Ada Lovelace ce ta rubuta, a shekarar 1843, abin da masana da yawa ke ɗauka a matsayin jerin umarni na farko da aka wallafa domin na'urar lissafi. Kuma da yake ana iya yin aikin daga cikin gida muddin akwai wuta da intanet, ya dace da 'ya'ya mata ƙwarai.

Hanyoyin karatu uku

Hanya ta farko ita ce jami'a. Digirin kimiyyar kwamfuta kan ɗauki shekaru 4 a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, ko shekaru 5 a jami'o'in fasaha irin ta Minna. A nan ne ake koyon asalin ilimin: yadda ake tsara bayanai, yadda kwamfuta ke sarrafa su, da lissafin da ke ƙarƙashin komai. Ma'aikaci ko magidancin da ba zai iya barin gida ba yana iya duba Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN, wadda ke da cibiyoyi a jihohin ƙasar nan.

Hanya ta biyu ita ce kwalejin kimiyya da fasaha. Akan yi ƙaramar difloma a shekaru 2, a fita a yi aikin sanin makama na shekara guda, sannan a dawo a yi babbar difloma a wasu shekaru 2. Hukumar NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ita ke tantance waɗannan kwalejoji. A farkon 2024 hukumar ta raba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta zuwa fannoni 4, kuma rubuta manhaja da gina shafukan intanet yana ɗaya daga cikinsu.

Hanya ta uku ita ce gajeren horo da koyo da kai. Akwai darussa kyauta a intanet, kamar CS50 na Jami'ar Harvard ta Amurka da kuma freeCodeCamp. A shekarar 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da matasa miliyan 3 a fannonin fasahar zamani, inda aka fara da rukuni na mutum 30,000. Wannan hanya ba ta da tsada kamar sauran, amma tana bukatar juriya, domin babu malamin da zai bi mutum da sanda. Kuma mai son aikin gwamnati ya sani cewa da takardar makaranta ake sanya ma'aikaci a matakin albashi.

Gaskiyar magana ita ce, ko wace hanya mutum ya bi daga cikin biyun farko, sai ya haɗa da ta uku. Abin da ake koyarwa a aji ba ya sauyawa da saurin da kayan aikin kamfanoni ke sauyawa, kuma ana iya cin jarrabawa a kan takarda ba tare da an taɓa rubuta manhajar da ta yi aiki ba.

Harsunan kwamfuta

Da harsuna na musamman ake rubuta wa kwamfuta umarni, kuma suna da yawan gaske. Ga kaɗan daga cikin waɗanda mai koyo zai fi cin karo da su:

1. C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Amurka a farkon shekarun 1970. Yana da wahala, amma yana nuna wa ɗalibi yadda na'ura ke aiki daga ciki.

2. Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Rubutunsa yana da sauƙin karantawa, shi ya sa masu koyarwa da yawa ke fara wa ɗalibai da shi.

3. Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995. Bankuna da manyan kamfanoni suna aiki da shi sosai, kuma an gina manhajojin wayar Android masu yawa da shi.

4. JavaScript, shi ma na 1995, wanda ke sa shafukan intanet su amsa wa mai dannawa. Sunansa ne kawai ya yi kama da Java, amma harshe ne dabam.

5. SQL, wanda ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Duk manhajar da ke ajiye sunaye, ko albashi, ko haraji, da wuya ta rabu da shi.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne tsalle daga wannan harshe zuwa wancan, kowanne a ɗanɗana a bari. Abin da ya fi shi ne a riƙe guda ɗaya har a gina wani abu cikakke da shi. Ginshiƙan duk iri ɗaya ne: wurin ajiye bayani, da sharaɗi na “idan kaza ne a yi kaza”, da maimaita aiki har sai an gama. Wanda ya ƙware a harshe ɗaya ba ya daɗewa wajen koyon na biyu.

Ƙwarewar da ba ta bayyana a takardar shaida

Abu na farko shi ne neman kuskure. Mai rubuta manhaja kan ɓata lokaci wajen gano dalilin da ya sa abin da ya rubuta bai yi aiki ba fiye da lokacin da ya ɗauka wajen rubutawa. Waƙafi ɗaya da aka manta yana iya tsayar da aiki na yini guda. Wanda ba shi da haƙuri a nan yake ajiye sana'ar.

Na biyu shi ne hangen nesa. A shekarun baya masu rubuta manhaja sukan ajiye shekara da lambobi biyu na ƙarshe kawai domin tsimin wuri, wato 85 maimakon 1985. Da shekarar 2000 ta gabato sai aka ga kwamfutoci za su iya ɗaukar 00 a matsayin 1900, kuma ƙasashen duniya suka kashe dukiya mai yawa wajen gyara kafin ranar. Ƙaramar shawarar da mai rubutu ya yanke yau tana iya zama babbar matsala bayan shekaru 20.

Na uku shi ne aiki tare da wasu. Babbar manhaja ba mutum ɗaya ke rubuta ta ba. Akan yi amfani da wani tsari mai suna Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, domin adana tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi, yadda mutane da yawa za su yi aiki a kan abu ɗaya ba tare da wani ya shafe na wani ba. A dandalin GitHub, wanda aka buɗe a 2008, mai koyo kan baje ayyukansa, kuma masu ɗaukar aiki da yawa can suke fara leƙawa.

Na huɗu shi ne sanin mutanen da za su yi aiki da manhajar, kuma a nan ɗan karkara yake da abin da ɗan birni bai cika samu ba. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a katin zaɓe, Mohammed a banki, Mamman a rajistar dagaci, kwamfuta kuwa mutum uku za ta ɗauke su sai an koya mata. Dattawa da yawa ba su da rubutacciyar ranar haihuwa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ kan rikiɗe su zama wasu alamomi idan ba a tsara manhaja ta karɓe su ba. Akwai garuruwan da sabis ɗin waya ke ɗaukewa na sa'o'i, saboda haka manhajar da ba ta aiki sai da intanet ba za ta amfani malamin asibitin ƙauye ba. Wanda ya tashi cikin waɗannan abubuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sanin makamar aiki da bautar ƙasa

Yawancin ɗalibai a lokacin SIWES suke fara ganin aiki na gaskiya. Wannan shiri ne na tura ɗalibai wuraren aiki, wanda asusun ITF mai hedikwata a Jos ya soma a farkon shekarun 1970. Ɗaliban jami'a galibi watanni 6 suke yi, na ƙaramar difloma kuwa watanni 4. Waɗannan watanni suna da tsada ƙwarai. Ɗalibin da ya yi su a wurin da ake rubuta manhaja, a ƙarƙashin wanda ya fi shi sani, zai koma makaranta da idonsa a buɗe. Wanda kuwa ya nemi ofishi kusa da gida, yana zuwa ya sa hannu a littafi ya tafi, ya yi asarar da ba a mayarwa.

Haka abin yake ga shekarar bautar ƙasa ta hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973. Sau da yawa akan tura mai digirin kwamfuta sakatariyar ƙaramar hukuma, a zaunar da shi yana buga wasiƙu ko yana hoton takardu har shekara ta ƙare, alhali rajistar shagunan kasuwa da ta ɗaliban firamare suna nan a tsofaffin littattafai gara tana ci. Da an damƙa masa ɗaya daga cikinsu, da hukumar ta amfana, shi ma ya fita da aikin da zai nuna.

Aikin farko

Ya kamata matashi da iyayensa su san cewa samun aikin farko shi ne mataki mafi wuya. Kamfanoni sun fi son wanda ya riga ya goge. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 domin horar da sababbin masu rubuta manhaja da haɗa su da kamfanonin waje, ya sallami kimanin ƙananan ma'aikata 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda a shekarar 2019, inda ya bayyana cewa abokan hulɗarsa ƙwararru suka fi nema. Saboda haka duk wanda ya yi wa yaro alkawarin albashin dala bayan horon watanni 3, a yi hattara da shi.

A wajen ɗaukar aiki ba a tsayawa ga takardu. Akan ba mai nema matsala a ce ya warware a gaban masu tantancewa, ko a ba shi ƙaramin aiki ya kawo bayan 'yan kwanaki, sannan a tambaye shi dalilin kowane mataki da ya ɗauka. Wanda ya kwafo aikin wani a nan asirinsa yake tonuwa.

Idan an dace an samu aikin, ba a fara ba sabon ma'aikaci babban gini. Akan fara shi da karanta abin da wasu suka rubuta, da gyaran ƙananan kurakurai, da gwajin manhaja. Duk abin da ya rubuta sai wani babba ya duba ya yi masa gyara kafin a karɓa, wani lokaci a mayar masa sau uku ko huɗu. Wannan ba wulaƙanci ba ne, haka kowane ɗan koyo yake yi a gaban maigidansa, ko a maƙera ko a shagon tela. Matambayi ba ya ɓata, amma an fi son tambayar wanda ya gwada da kansa tukuna, ya zo yana cewa ga abin da na yi, ga inda na tsaya. Albashin farko yakan zama kaɗan. Abin dubawa a shekaru biyu ko uku na farko shi ne ko akwai wanda ake koyo a wurinsa.

Misali daga cikin gida

Tarihin Shola Akinlade ya isa misali. Ya karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Babcock da ke jihar Ogun, ya gama a 2006. Ya fara da aikin kula da rumbun bayanai a wani kamfani, daga baya shi da abokinsa suka kafa ƙaramin kamfaninsu, suka gina wata manhaja mai suna Precurio domin ma'aikatan ofis su riƙa musayar takardu da saƙonni a tsakaninsu. Bayan haka ya yi wa bankuna ayyukan manhaja, inda ya ga irin wahalar da 'yan kasuwa ke sha wajen karɓar kuɗi ta intanet. A 2015 shi da Ezra Olubi, wanda suka yi jami'a ɗaya, suka kafa Paystack domin magance wannan matsala. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200.

Jama'a sun fi riƙe adadin kuɗin. Abin lura ga mai koyo shi ne shekaru 9 da ke tsakanin gama jami'a da kafa kamfanin, waɗanda aka yi su ana ƙananan ayyukan da ba a ji labarinsu ba. Kuma matsalar da ya warware a wurin aiki ya gan ta da idonsa.

Hanyar a buɗe take ga 'yan arewa ma. Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan asalin Haɗeja, ya karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ya yi shekaru yana aiki a kamfanin Galaxy Backbone, sannan a Babban Bankin Nijeriya, kafin a naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a shekarar 2019.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira

Tun daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, an samu manhajojin da ake gaya wa abin da ake so su rubuta umarnin da kansu. Wannan ya sauƙaƙa aiki, ya kuma zama malami ga mai koyon da ba shi da wanda zai tambaya. Sai dai waɗannan manhajoji suna yin kuskure, kuma da cikakken tabbaci suke kawo shi. Wanda bai san tushe ba ba zai gane ba, zai ɗauka ya miƙa. Ƙananan ayyukan da a da ake fara sabon ma'aikaci da su suna cikin waɗanda na'ura ta fi iyawa, saboda haka bukatar sanin asalin ilimin ƙaruwa ta yi. Shawara ga mai koyo ita ce ya fara gwadawa da kansa, kuma kada ya miƙa layi ko ɗaya da ba zai iya bayyana ma'anarsa ba.

Gargaɗi

Ilimin kwamfuta amana ne. Mai rubuta manhaja yakan ga albashin mutane, da lambobin asusunsu, da bayanan rashin lafiyarsu. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai kutse cikin kwamfutar wani da mai damfara, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa hukumomi da kamfanoni alhakin tsare bayanan da suka tara. Damfarar intanet ba sana'ar rubuta manhaja ba ce. Idan yaro ya fara shigo da kuɗin da bai iya faɗin aikin da ya yi ya same su ba, wajibi ne iyaye su bincika.

Abin da ake bukata daga iyaye

1. Kafin a biya kuɗin makaranta, a tabbatar hukuma ta amince da ita: NUC ga jami'a, NBTE ga kwalejin fasaha.

2. Idan cibiyar horo ce mai zaman kanta, a tambayi abin da ake koyarwa dalla-dalla. Buga takardu dabam, rubuta manhaja dabam. A nemi ganin ayyukan ɗaliban da suka gama, domin gani ya kori ji.

3. Kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce, ta fi babbar waya amfani ga mai koyo. A kuma yi tanadin caji da kuɗin data.

4. A riƙa cewa yaro ya nuna abin da ya gina. Ko uba bai yi boko ba, zai gane manhajar da ke lissafa bashin shagonsa daidai da wadda ba ta yi.

Abin da ake bukata daga jami'ai da shugabannin al'umma

1. A ba ɗaliban SIWES da masu bautar ƙasa aiki na gaskiya mai farko da ƙarshe, a sa jami'i guda ya kula da su, a kuma ba su takardar da ta fayyace abin da suka yi.

2. Kada a damƙa wa ɗan koyo bayanan sirri, kamar na albashi, ba tare da sa ido ba. Idan zai tafi, a karɓi rubutun manhajar da kalmomin sirri da bayanin yadda take aiki, domin kada aikin ya mutu da tafiyarsa.

3. Inda akwai ɗakin kwamfuta a makaranta ko a sakatariya, a buɗe shi ga matasa a kan tsari, a sama masa wutar sola. Kwamfutar da aka kulle a sito domin gudun lalacewa tsufa take yi ba ta amfani kowa ba.

4. A ba malaman lissafi da Turanci muhimmanci a makarantun karkara, a kuma isar da sanarwar shirye-shiryen horo ga masu unguwanni a kan lokaci, tare da tabbatar da an sa 'ya'ya mata a ciki.

Kammalawa

Rubuta manhaja sana'a ce da ake koyo kamar kowace sana'a: a sami tushe a makaranta, a zauna gaban wanda ya fi sani, a yi ta gwadawa ana kuskure ana gyarawa. Tun daga shiga babbar makaranta har zuwa lokacin da mutum zai tsaya da ƙafafunsa, shekaru ake ƙirgawa, ba watanni ba. Ana kira ga iyaye da su yi bincike kafin su kashe dukiyarsu, su kuma yi haƙuri da shekarun farko. Ana kuma kira ga jami'an ƙananan hukumomi da su dubi matasan da ake turo masu kowace shekara, su ba su aikin da za su koya, domin rajistocin da ke jibge a ofisoshinmu suna jiran wanda zai tsara su.